Saura Kwana Goma Sha Tara

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ƙofar kotu,
tebur ɗaya, lema ɗaya, da injin buga takarda mai tari.
Wanda katinsa ya ɓata, ni.
Wadda ta sauya suna, ni.
Mai son a zaftare masa shekara uku, ni ɗin dai.
"Na rantse cewa an haife ni..."
yatsuna sun riga bakina haddace ta.

Yanzu saura kwana goma sha tara
a zaunar da ni, a tambaye ni me na sani.

Ruwan Agusta na dukan kwanon ɗakinmu a Gangare.
Ƙarfe huɗu na asuba, sanyin Jos ya shige cikin safa,
na ja bargo, na kunna fitilar waya.
Littafin tsoffin tambayoyin nan a Taminus na saye shi.
Wani ya riga ni, ya bi amsoshi da jan biro.
Ban san shi ba,
amma mun yi gardama sau bakwai,
na ci biyar.

Da dare Kubura ke karɓar aikin alƙali,
cokalin gwate a dama, rula a hagu.
"Baba, tsarin mulkin da ya kawo tarayya, wace shekara?"
Hamsin da ɗaya.
"Da huɗu. Miƙo hannu."
Na miƙa. Uwarta ta leƙo daga madafi:
"Ku bar shi ya ci, doka ba ta cika ciki."

A wurin gwaji na Farin Gada
mai gadi ya ce in jira yarona a waje.
Na ce ni ne yaron.
Kusa da ni wata Nanret, shekararta sha bakwai,
hannunta na rawa a kan madannai kamar an ba ta garwashi.
Na nuna mata inda yatsa ke kwana.
Ita kuma ta raba mini kamance da siffantawa
a bayan rasit ɗin tumatir.
Muka rabu ba bashi.

Sallau na teburin kusa ya ga fom ɗina.
"Talatin da tara? Kawo in buga maka rantsuwa,
ka koma ashirin da shida."
Na ce bar su, Sallau,
kowace ɗaya na san nawa na saye ta.

Barista Dakwak, da na daɗe ina gyara masa rubutu a ɓoye,
ya yi dariya har da riƙe ciki.
Washegari na tarar da littafi a ƙarƙashin lemata,
bangonsa ya cinye, sunansa a ciki,
ya wuce da baƙar rigarsa kamar bai san zancen ba.

Akwai daren da komai ke zubewa.
Shekaru su cakuɗe kamar wake da tsakuwa,
in karanta layi sau huɗu, ya ƙi gaishe ni.
In ce wa kaina, Tanimu, wa ya aike ka?
Kuɗin fom ɗin nan da ya sayi buhun dankali.

Sai in tuna tsohuwar da ta zo daga Bokkos ranar Laraba,
takardar gona a ƙulle a bakin zane.
Na buga mata, na karanta mata, ta dangwala.
Ta ce, "To ɗana, zan ci?"
Na san amsar. Wallahi na sani.
Na ce, "Mama, ni bugawa kawai nake yi."

Ruwa ya tsagaita.
Ladan bai kira ba tukuna.
Tambaya ta arba'in da ɗaya,
mai jan biro ya zaɓi ta uku.
Bari mu gani.